Farin Takarda

Shekara ashirin da bakwai ina zana iyakar Suhl
da alƙalami mai bakin allura.
Hawa na uku, taga ta biyu daga hagu.
A gida Irmtraud,
a ofis Kwamared Recknagel.

Cikin gundumomi goma sha huɗu tamu ce ƙarama,
tafin hannuna kan rufe ta ruf a taswira.
Tuddai ne da daji,
ƙanƙara har ta gunduri yara,
masu hura gilashi, maƙeran bindigar farauta,
sai masana'antar babur, inda Eckehard
ya baro yatsu biyu da ƙuruciyarsa.

Kudu kuwa, an ce kada in zana.
Inda layi ya tsaya, takarda fari fat,
ba hanya, ba rafi, ba hasumiyar coci.
Cikin farin nan yayana Gottwald yake zaune,
kilomita goma sha ɗaya daga tukunyar mahaifiyarmu.
Ranar da muka binne ta
ya hau tudu ta can ɓangaren da madubin hangen nesa.
Daga baya ya rubuto: na ƙirga ku, ku tara ne,
ban gane wacce ce ke ba.

Kaka ce, shekarar casa'in.
Wani saurayi mai takalmi ƙal-ƙal
ya tsaya bakin ƙofa ya ce gunduma ta ƙare.
Haka kawai, kamar an ce sukari ya ƙare.
Ba wanda ya buga ƙararrawa.
Kwalaye aka raba mana.
Hatimi arba'in da ɗaya muka zuba a bokiti,
suna ƙara kamar haƙoran tsoho a kofi.

Motar da muka jira shekara goma sha uku
aka kwance mata lamba.
Na roƙi makaniken ya bar mini ita.
Tana nan rataye a rumfar lambu,
harafin O a gabanta, alamar mu 'yan Suhl ne.
Eckehard ya ce sifiri ne.
Ni bakin mutum nake gani
wanda aka katse wa magana.

Kada a ji ni a karkace.
Ba kewar bango mai kunne nake yi ba.
Na je na karanta fayil ɗina,
shafi tamanin da shida,
rubutun hannun Hannelore,
wadda muke raba burodi ɗaya da hantsi,
wadda ta riƙe mini jariri ranar da na yi zazzaɓi.
A shafi na talatin ta ce:
tana yawan shafa farin wurin da gefen hannu.
Gaskiya ta faɗa.
Ban ma san ina yi ba.

Minti goma sha huɗu ne a bas, ashe.
Farin nan gona ce rawaya shar,
da mashaya, da kare mai haushin baƙo,
da dutse mai sunan Gottwald,
wanda bai jira ba, saura shekara biyu.
Na tsaya da furanni a hannu
ina neman inda layina ya bi.
Ciyawa ba ta san da shi ba.

Yanzu makaranta an rufe, maƙwabta sun yi yamma,
benen da na haifi ɗana an rushe shi an shuka itace.
Ofishinmu ma ban san me ake sayarwa ciki ba.

Amma hannu ba ya jin sanarwa.
Jiya Lahadi ina dunƙula dankali,
gari ya bazu a tebur,
sai yatsa ya kama hanya shi kaɗai:
nan kwana, nan kogin Werra,
nan ɗan lanƙwasan da kan ba ni wahala.
Jikata Annekatrin ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, Kaka, kifi ne?

Na duba.
Yana da wutsiya kuwa.
Na ce kifi ne,
miƙo mini gishiri.